Sabis Ya Kai Bakin Rafi

A Patagoniya iska ba ta jin bari.
Sau biyu tana kayar da eriyar Evaristo,
ya sake taka tsani yana mita.

Sabis ɗin gidan iyakarsa shinge.
Daga nan sai ciyawa, sai duwatsu,
sai tumaki dubu da ba ruwansu.

'Yarsa Maite ta kafa na'ura kan rumfar aski,
wata kan tudu da farantin sola,
wannan na miƙa wa waccan
kamar bokitin kashe gobara.

Da almuru, can bakin rafi,
aljihun tsoho ya yi ƙara.
Jikarsa ce daga Santiyago, ta yi wushirya.
Ya juya wayar, ya nuna mata ɗan rago
jiƙe sharkaf, ƙafafunsa na rawa.