Sati Shida Bayan Wuƙa

Sati shida da tsaga ƙirjina a Plymouth,
likita ya ce in riƙa takawa.
Uwani ta zura mini takalman roba,
ta ce, Baba, ƙarfe goma teku zai ja da baya,
zo Wembury ka ga inda kuɗin makarantata ya shige.

Ni da na tashi inda ruwa sai da guga,
ga ni tsugune bakin kwarmin dutse,
iska na yankan kunne,
ɗinki na ja.

Ta ɗaga dutse kamar mai buɗe akushi.
Na ce, ƙaguwa, Allah sarki, ta mutu.
Ta ce, riga ce, saɓa ta yi.
Na juya ɓawon a tafina:
ƙafa goma cif, har gurbin ido,
babu kowa a ciki.
Ita ƙashinta a waje take sawa.
In ya matse ta, sai ta kumbura da ruwa,
ta tsage ta baya, ta zare kanta.
Tana nan kusa a ɓoye, laɓuɓu kamar ƙullu,
ba ta ci, ba ta faɗa da kowa
sai sabon ya yi tauri.
Na taɓa maɓalli na uku a rigata.
Ban tanka ba.

Sai ga tauraro, ba na sama ba,
ruwan goro, hannu biyar, ɗaya dungu.
Ina kansa? Babu.
Jini fa? Ruwan nan ne, Baba,
ta wata 'yar rariya a gadon baya yake zuƙa,
ya tura shi ɗaruruwan ƙafafu
sirara kamar taliyar murji.
Ido a bakin kowane hannu.
In ya kama makankari ya ɓamɓare shi,
tumbinsa yake fitarwa ya ci a gidan mutane.
Na ce wannan kam na san ƙaninsa a unguwarmu.
Dariya ta soke ni a haƙarƙari.
Dungun kuwa toho yake yi, hannu na tafe.
Ni da aka ciro wa jijiya a ƙafa
aka yi wa ƙirji faci da ita,
na ɗan harare shi.

Can ta ɗora mini wani abu kamar ƙwayar wake.
Wuri ne, ƙarami, mai tsaga-tsaga.
Kakana ya ƙirga manyan yayyensa a tabarma
har ya sayi jaki,
ya koma ga Allah bai san ɗaki ba ne,
bai san akwai mai ɗakin ba,
mai taushi, mai harshe kamar magagari,
wanda ya gina shi da mayafin jikinsa.
Na ce a mayar da shi. Kuɗi na numfashi.

La'asar a ɗakin bincikensu,
Tamsin ta ɗaga murfin tanki.
Mai hannu takwas ta miƙo ɗaya,
ta nannaɗe yatsana, wai ɗanɗana ni take yi.
Ban san me ta ji ba.
Ƙila asfirin.
Jininta shuɗi ne, tagulla ce ta rina shi.
Zuciya uku gare ta:
biyu na kai jini shan iska,
ɗaya na raba wa jiki.
Na ce, uku! Wani ɗayar ma da faci.
Uwani ta ce, ai in ta yi iyo da sauri
babbar tsayawa take yi,
shi ya sa ta fi son rarrafe.

Matakala goma sha tara zuwa wurin mota.
Na tsaya a ta bakwai,
na sake tsayawa a ta sha biyu.
Uwani ta yi kamar igiyar takalminta ta kwance.
Takalmin roba ne. Ba shi da igiya.