Masu Kiwon Tsawa

A bayan gidan burodi, a wata unguwar Brno,
inda dā ake ɗaure dawakan dako,
nan Vendelin Hrubes ya fara kiwon tsawa.
Ban riski ƙuruciyarsa ba.
Tsoho na iske, kunne ɗaya ya mutu,
gira ta ƙone ba ta sake tsirowa ba.

An ce jarinsa na fari
bashin suruki ne, da damin takarda,
da jar waya da ya kwance daga mataccen injin niƙa.
Maƙwabta suka kai ƙara:
mutumin nan yana saukar da aradu rana tsaka,
kajinmu sun daina ƙwai.
Ya biya tara, ya saya musu ƙwai,
ya ƙara wa hasumiyarsa hawa biyu.

Ina 'yar sha tara na shiga.
Aikina naɗi: waya, takarda, waya, takarda,
kamar mai kitson da ba ya ƙarewa.
Ya ce, Drahomira, wanke hannu.
Gumi ɗigo ɗaya a cikin naɗin nan,
wuta za ta gano shi ko bayan shekara ashirin.
Ba ta mantuwa, ba ta karɓar haƙuri.

A babban zaure akwai ƙwallayen tagulla biyu,
kowanne ya fi tukunyar biki,
suna kallon juna kamar raguna kafin karo.
A buga ƙararrawa. Jar fitila ta kama.
Gashin hannu ya miƙe,
iska ta ɗauki ƙanshin hadari,
sai tas!
Haske ya tsaga zauren, haƙora su amsa.

Mutane ba su gane sana'armu ba.
Wasu na ƙera taransifoma, wasu tangaran na turakun waya,
mu kuwa muna ƙera abin da zai zalunce su.
Wanda zai fashe, ya fashe a nan, gaban shaidu,
kada ya fashe a saman ƙauye
daren da unguwarzoma ke neman fitila.

Sau huɗu aka sauya allon ƙofa.
Sojoji suka rubuta nasu suna,
gwamnati ta goge, ta rubuta lamba,
aka mai da mai gida magatakardan sito
a cikin ginin da ya ɗora da hannunsa.
Bai ce uffan ba.
Da dare yakan zagayo ya gyara lissafin sababbin shugabanni da fensir.

Ctibor ya manta sandar sauke wuta sau ɗaya.
Sau ɗaya.
Har yau hularsa na rataye a ƙusa,
kuma duk yaron da aka ɗauka aiki
sai an kai shi gabanta kafin a nuna masa makunni.

Yanzu idona ya yi hazo.
Jikokin wasu ne ke zaune gaban allunan gilashi,
suna kiran tsawa da ɗan yatsa.
Makon jiya wata yarinya, Kvetuse, injiniya,
ta hau matakalar gidana da hoto a waya.
Daga Chile aka aiko, in ji ta,
injin gwaji ne, ya haura shekara hamsin,
ba a sami zanensa ba, ambaliya ta cinye takardun.
Ko kin san wannan naɗin?

Na kawo hoton kusa da hanci.
Ga ƙullin zare a gefen hagu,
bai-bai, don ni bahaguwa ce,
ƙullin da tsohon ya yi shekara uku yana hana ni.

Na ce, ɗauko biro, zauna.
Zagaye dubu huɗu da ɗari shida,
takarda ninki uku, na huɗu a bakin gefe.
Amma tashi tukuna.
Ga sabulu can.