Taku Ɗari da Tamanin

Ni aikina ƙirga taku.
Yaya Sallau shi ya ƙera jirgin,
shekara huɗu a bayan shagon walda a Agege,
da bututun alminiyam da injin tsohuwar Bitil,
maƙwabta na leƙe suna cewa keken ɗinki ya yi fiffike.

Filin yana can bayan Epe.
Daga bishiyar kwakwa zuwa bakin ruwa
taku ɗari uku da goma ne, da ƙafata.
Bayan nan babu ƙasa,
sai kwale-kwale da masunta.

Baba Rasaki, wanda ya tsufa yana ɗaure noti a Ikeja,
ya kafa farar taya a gefen ciyawa.
Ya ce da Hausarsa ta kasuwa:
"Tashi ba gwaninta ba ne,
ko leda iska ta ɗauka ta tashi.
Nan za ka taɓa ƙasa.
In ka wuce tayar nan kana sama,
ba shi wuta, ka zagayo. Ba kunya ba ce."

Saukar farko ya zo da gudu
kamar ɗan acaɓan da ya hango fasinja.
Ƙasa ta ƙi shi, ta cilla shi sama,
ya diro, ta sake cilla shi.
Na bi sawun taya ina ƙirgawa, bakina a bushe:
ɗari biyu da saba'in.

Ta biyu ya taka birki da wuri.
Wutsiya ta ɗaga, hanci ya sunkuya,
farfela ta aske ciyawa.
Baba bai yi faɗa ba. Ya ɓare goro kawai,
hannunsa na rawa.

"Rage wuta tun daga kan kwakwa.
Bar shi ya nutse a hankali.
In ciyawa ta fara gudu a gefen idonka
ja sanda kaɗan, kaɗan na ce,
ka riƙe shi, ka hana shi sauka
har ya gaji ya zauna da kansa
kamar tsohuwa a kan tabarma.
Sanda a cikinka. Ƙafa na aiki.
Birki sai ƙarshe."

Akwai ranar da aka kwana ana ruwa.
Ya sauka daidai kan farar taya
amma ciyawa ta zama kuɓewa.
Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya,
wani masunci ya miƙe tsaye cikin jirginsa.
Ɗari biyu da casa'in da ɗaya.
Ban rubuta ba sai da muka ci abinci.

Na koyi cewa iskar da ke mararka a fuska ƙawa ce,
ta bayanka kuwa mai tura ka rami.
Na koyi cewa jarkar mai ɗaya
tana ƙara taku goma sha biyu.

Damina uku. Littafin ya yi laushi don gumi.
Ɗari biyu da arba'in. Ɗari biyu da biyar.
Ran wata Lahadi tayoyi uku suka taɓa tare
ba ƙara, sai shuuu,
na ƙirga ɗari da tamanin, na yi ihu.

Baba ya dube ni daga ƙasa har sama.
Ya ce, "Yaro, wandon nan ya ɗage maka.
Rabi Sallau ne ya iya sauka,
rabi ƙafarka ce ta yi tsawo."

Yaya ya yi dariya har ya dafa fiffike.
Washegari muka sayi igiya a Oyingbo
muka yi mata ƙulli-ƙulli.

Har yanzu ina takawa, bayan an naɗe igiya.
Ba inda ya gudu nake aunawa ba.
Daga tayar gaba nake farawa,
in nufi ruwa,
in ga nawa ya rage mana.