Jakar Arzika

Ni na ɗinka mashi jakar,
jar fatar akuya, aljihu biyu, maratayi mai kauri,
satin da anka ƙirga ƙuri'a a firamaren shiyarmu
da hasken waya, don wuta ta ɗauke tun la'asar.
Ɗari biyu da sha ɗaya ya ba Alhaji rata,
shi, malamin lissafi, mai babur ɗin da sai an tura.

Na ce, Arzika, takardun mutane za ka zuba,
ban da kuɗi, ɗinkina bai son nauyinsu.
Ya yi dariya har hularsa ta zame.

Shekarar fari sau bakwai ya miƙe a zauren majalisa.
Muna rumfar dukanci a Madunka, rediyo tsakaninmu,
muna ƙirgawa da bakin basilla.
Ya yi maganar kwalbatin da ke cinye mana damina,
ya yi maganar asibitin da ba ungozoma da dare.
Kwalbati ya samu.
Ungozoma, an ce kwamiti na dubawa.

Shekara ta uku gilashin motarsa ya yi duhu.
Wata Juma'a ya wuce ta gabana,
ya ɗaga hannu, ko ƙuda ya kora,
Allah masani.

Ya sake cin zaɓe. Ban je rumfa ba, ƙafa na ciwo,
haka dai na faɗa wa masu tambaya.

Sai ga labari jam'iyya ta hana shi takara ta uku.
Wasu sun ce ya ƙi ɗaga hannu ranar rabon fadama,
wasu sun ce kasonsa ya raina.
Sakkwato gari ne mai zafi,
magana kan nuna tun ba ta ƙosa ba.

Jiya bayan azahar ya zo a ƙasa,
furfura ta ci gemu, ya zauna inda ya saba.
Ya miƙo jakar. Maratayi ya tsinke.

Dole baduku ya zazzage kafin ya ɗinka:
ɓarin goro, katin asibiti,
wasiƙun neman aiki wajen arba'in,
da takardar ungozoma, ninki huɗu,
gefenta ya yi laushi don yawan buɗewa.

Ya ce nawa ne gyaran?
Na faɗi kuɗin da nake faɗa wa kowa.
Ya taya, kamar kowa.
Na jawo zare.