Amya Ashirin da Huɗu

Ƙarfe ukun dare kakana Orval ya tashe ni,
wai zuma ba ta tafiya da rana.
A bakin rumfa akori-kurarsa na tari,
shuɗiya ce a da, yanzu tsatsa ta ci rabinta.
Ta girmi uwata da shekara biyu,
ƙofar hagu sai da gwiwa take rufuwa.

Amya ashirin da huɗu muka jera a tirela,
kowace na gunaguni kamar tukunya gab da tafasa.
Ya ce, "Marnie, nauyi gaba da taya.
In kin bar shi baya, wutsiya ce za ta kaɗa kare."
Ya zaunar da ƙugiya kan dunƙulen ƙarfe,
ya gitta sarƙa biyu ta ƙarƙashi,
ya sa ni taka birki yana leƙen fitilun baya.
Ɗaya ta ƙi. Ya mare ta. Ta kama.

Hanyar Idaho ba ta san miƙewa ba.
Kogin Salmon na gefenmu, baƙi ƙirin,
muna jin sa, ba ma ganin sa.
Sai tudu ya tsaya a gabanmu, mil bakwai cur.

Giya ta uku ta gaza, ta biyu ta karɓa.
Inji na nishi irin na mai naƙuda,
allurar zafi na rarrafe zuwa ja.
Tsakiyar Yuni, ya kunna hita har ƙarshe,
muka sauke gilasai, gumi na bin wuyanmu.
"Zafin da muka sha, inji ya huta da shi."
Samari a sababbin motoci na wuce mu da ham,
bai ko dube su ba.
"Sauri ya haifi nawa," in ji shi,
yana shafa sitiyari kamar goshin maraƙi.

A ƙololuwa ya tsaya, bai kashe ta ba.
Na ga hannunsa na dama na rawa a cinyarsa,
rawar da yake ɓoyewa a aljihu tun hunturu.
Ya buɗe ƙofa, ya zagayo ta gefena.
"Hawa na inji ne. Gangara ta direba.
Matsa."

Shekarata goma sha bakwai.
Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, ba nawa ba.

"Giyar da kika hau da ita, sauka da ita.
Taka, saki. Taka, saki.
Birki ba matashi ba ne, kada ki kwanta a kai."
Nauyi na tura ni daga baya
kamar taron da ya ga ƙofa ɗaya.

A kwana ta huɗu babbar motar katako ta shafe mu,
iskarta ta bugi tirela.
A madubi na ga amya sun yi hagu,
sun yi dama,
sun ƙara yin hagu, fiye da ɗazu.
Ƙafata ta nemi birki da kanta.
"A'a. Ɗaga ƙafa. Riƙe ta a miƙe, kada ki yi kokawa."
Hannun nan mai rawa ya lalubi ƙasan dashbod,
ya matse birkin tirela a hankali,
sai wutsiya ta dawo bayan kare.

Ba wanda ya yi magana har ƙasa.

Gari na wayewa muka shiga gonar Berdine Kautz,
furen kanola rawaya har iyakar gani.
Sau shida na gwada ja da baya,
tirela na lanƙwashewa inda ban aike ta ba.
Yana tsaye cikin raɓa yana dariya har da tari.

Muka buɗe bakin amya ɗaya bayan ɗaya.
Ta farko da ta fito ta harbe ni a kunne.

Da za mu koma na miƙa masa makulli.
Ya dube shi, ya dubi tudun,
ya zagaya ɗaya gefen ya zauna,
ya ce in tuna, ƙofar sai da gwiwa.