Amanar Cima

Wata bakwai da dawowarmu daga Kano,
ɗinkin da ke marata ya kwanta sumul,
na yaba wa hannun da ya yi shi,
ni da na tsufa ina ɗinka fata a Birni.
Na koma rumfa, na ɗauki basilla,
na ce wahala ta ƙare.

Sai ƙishi ya zo.
Damagaram ta san ƙishi, mun saba,
famfo ya kwana huɗu bai ɗiga ba, mu bi amalanke da jarka.
Wannan kuwa a ƙarƙashin harshe ya yi gida,
moɗa uku ba ta taɓa shi.
Dare guda in zaga sau shida.
Da asuba Falmata ta kira ni bayan ɗaki, ba ta ce komai ba,
ta nuna mini kiyashi sun yi sahu
inda na tsuguna.

A babban asibiti likita ya soki yatsana,
ya dubi ɗan allon, ya cire tabarau.
Sukari ne, Girema.
Ƙwayoyin nan da ke lallashin jikinka
don kada ya kori baƙuwa,
su suka zare masa sakata.
Na ce to sai in bar su.
Ya ce ka bar su, ka rasa ƙodar.
Na daɗe ina kallon takalmina.

Shekara biyu inji yana wanke mini jini,
Litinin da Alhamis, awa huɗu huɗu.
Mun sayar da gonar Dogo, mun sayar da raƙumar gado.
Cima, ƙanwata, da na goya zuwa rijiya,
ta kwanta aka yanka ta,
ta farka tana tambaya ko na farka.

Yanzu allura tana kwana a ƴar tukunya
cikin jiƙaƙƙen yashi, gindin randa,
don wuta ba ta da alƙawari.
Yatsun da nake ji da su ko fata ta jemu
duk sun zama huda-huda.
Jiya zare ya ƙi shiga kafa,
ido yana hazo,
sai da yaron rumfa ya zura mini.

A fada bayan la'asar
Mutari yana tsiyaya nawa kafin ya zuba sukari.
Ɗaci zalla. Suna dariya,
wani ya ce an gudu ba a tsira ba.
Na kurɓa, ban tanka ba.
Shi bai san ƙarar injin nan ba.

Ranar kasuwa Cima ta zo daga Mirya
da dabino a bakin zane, da nakiyar da na fi so tun muna yara.
Makonni uku ina karɓa, ina godiya,
ina raba wa ƴaƴan maƙwabta in ta juya baya.
Yaya zan ce mata kyautarki ta zo da ƴar rakiya?
Yaya zan ce zaƙin nan, in na sake,
ƙodarki zai fara ci?

Ita ta gano tukunyar, garin ɗiban ruwa.
Ta ɗaga kwalbar, ta juya ta, ta mayar,
ta yayyafa wa yashin ruwa.
Ta zo ta zauna gefen tabarma,
ta ɗora tafinta daidai kan ɗinkin.
Ta ce: ba kai na zo gaidawa ba,
ajiyata na zo dubawa.
Ka riƙe mini ita da kyau.

Alhamis ta gaba sai ga ta da zogale,
da yakuwa, da gauta mai ɗaci.
Nakiyar ta cinye abinta a mota.