Abin da Ya Kwanta

Ƙarfe uku na dare a Sapporo,
dusar ƙanƙara ta binne kekuna a ƙofar gini.
Chizuru na ɗura ruwan naitirojin a bakin na'ura,
farin hayaƙi na gangarowa yana lasar takalminta.

Kwana tara ana gasa tukunyar ƙarfe,
ana zuƙe mata iska har ta koma wayam,
duk don gutsuren zinariya da bai kai farce ba,
wanda tsoho Kuramoto ya goge da hannunsa
sai da ya hango furfurar girarsa a ciki.

Ta murɗa makunni a hankali, kamar mai gudun ta da jariri.
Ƙwayoyin sistin suka sauka,
irin na cikin gashi, irin na cikin ƙwai,
kowace ta kafa ƙafarta ta farar wuta a kan zinariya,
ta riƙe gam.

Sai haske.
Ba wanda ido ya sani ba,
wanda ke zaune can ƙasa da ja,
ɗan'uwan ɗumin da ke tashi daga kofin shayi.
Yakan zo a karkace, ya shafi fuskar ƙarfen,
ya wuce da labarin duk abin da ya girgiza.

Allo ya ja layi shafal.
Ba tudu, ba kwari, ko tari babu.
Ta sake. Haka.
Ta ci dunƙulen shinkafa mai sanyi a tsaye, ta sake.

A gefen littafin aiki, da fensir,
Kuramoto ya taɓa rubuta wa wani ɗalibi:
Ƙarfe madubi ne.
Wanda ya kwanta a kansa, hotonsa ke haɗiye muryarsa.
Wanda ya miƙe, muryarsa biyu.
Kada ka ce ba kowa don ba ka ji ba.

Ta ƙara musu 'yan'uwa.
Wuri ya cika, kafaɗa ta gogi kafaɗa,
masu kwanciya suka rasa shimfiɗa,
suka tashi.
Can wajen dubu da ɗari bakwai da arba'in
layin ya lotsa, siriri kamar tsinin allura.
Ashe tun ɗazu suna rawa.

Ba ta yi ihu ba.
Ta tuna ɗaki na shida a asibitin Otaru,
inda mahaifinta, mai ɗinkin ragar kifi,
ya yi wata biyu rigingine, bai ce uffan ba,
likita na duban takarda yana girgiza kai.

Ta rubuta lamba da lokaci, ta rufe makunni,
ta bar famfo yana gurnani shi kaɗai.
Jirgin farko ƙarfe shida yake tashi.

Yau ba za ta tsaya a kansa tana tambaya ba.
Za ta ja kujera, ta sauke kumatu dab da matashi,
ta dube shi a karkace,
ta jira.